Dalilin da Ya Sa Dutsen Wanzami Ba Ya Tafiya Shi Kaɗai

Dalilin da ya sa dutsen washin wanzami ba ya tafiya shi kaɗai, ku zauna ku ji shi, tunda kun hana ni sakat da tambaya tun da aka gama yi muku aski. Ku da ake dannewa kuna kuka, ashe idonku na kan zabira. To, kun gani daidai. Wanzami ya fito da babban dutse, ya fito da wani ɗan ƙarami fari, ya ɗiga ruwa, ya yi ta goga ƙaramin a kan babban har wani farin ruwa ya taso kamar ƙullun koko, sannan ya ɗora aska. Kai mai sosa ƙeya, ba tsafi ba ne, kuma ba koko yake dama wa askar ba. A da ba haka ake yi ba.

A da can, wanzami dutse ɗaya gare shi. A bushe yake wasa askarsa, in abin ya yi tsanani ya tofa ɗan yawu. Aski kuwa a wancan zamani sai mai ƙarfin hali. Za ka ga ƙaton mutum da gemunsa yana kallon sama yana haɗiye hawaye, yana cewa hayaƙi ne ya shiga masa ido, alhali ba wanda ya hura wuta a unguwar.

A wani ƙauye da ke tsakanin tsauni da rafi akwai wani matashin wanzami ana ce masa Ranau. Mutum ne mai sanyin hannu, mai ƙarancin magana. Ubansa ya rasu ya bar masa zabira da asake da ƙaho, ya kuma bar masa dutsen washi guda, wanda kakansa ya ɓallo daga tsauni tun yana saurayi. Dutsen launin hanta gare shi, tsawonsa bai fi tafin hannu da rabi ba. Kaka ya goge shi, uba ya goge shi, har fuskarsa ta yi sumul, ƙuda ma in ya sauka sai ya yi hattara. Duk ƙasar nan ba dutse irinsa, shi ya sa aka fi son askin gidansu. Ranau ba ya fita da shi. A turakarsa yake ajiye shi kan wata tsohuwar fata, ya wasa asakensa da safe, sannan ya rataya zabira ya fita.

Sai Ranau ya yi aure. Amaryar sunanta Tsahara, 'yar manoma ce daga wani ƙauye can gabas. A kasuwa suka ga juna, ya so ta, ta so shi, magana ta ƙare. Tsahara marainiya ce, uwarta ta rasu tana 'yar budurwa. Uwar tata kuwa ta yi suna wajen niƙa, garinta sai ka ce toka don laushi. Abin da ta fi nanata wa 'yarta shi ne, dutsen niƙa in ya yi sulɓi ya mutu, hatsi zamewa kawai yake yi a kansa. Sai an ɗauki makoɗi, wani dunƙulen dutse mai tauri, an bi fuskarsa ana ƙwanƙwasawa har ta yi kaushi, sannan ya sake ci. Wannan shi ake kira koɗa dutse. A ƙauyensu Tsahara, in aka shiga gidan mace aka tarar da dutsenta sumul, to ta shiga bakin mata har damina ta zagayo.

Tsahara ta zo gidan wanzamai da son mijinta fal a ranta, amma ba ta san komai na sana'arsu ba, kunya kuma ta hana ta tambaya. Kullum da safe takan leƙa ta ga Ranau ya duƙufa kan ɗan dutsen nan, yana kai aska yana kawowa, yana kai aska yana kawowa, har gumi ya tsattsafo masa a goshi. Tausayinsa ya riƙa kama ta. A ranta tana cewa, bawan Allah, tun da uwarsa ta rasu ba macen da ta kula masa da dutsen nan.

Ranar da abin ya faru, Ranau ya sammaka gona yankan gero. Gwaggo Ladingo, ƙanwar ubansa da ke zaune tare da su, ta yafa mayafi ta tafi barka gidan Sarkin Noma Jatau, wanda matarsa ta haihu da asuba bayan shekaru ana jira ana addu'a. Gida ya rage sai Tsahara. Ta shiga share turaka, ta ga dutsen kan fatarsa, ta shafa shi da tafin hannu. Sulɓinsa ya ba ta haushi. Ta ɗauko makoɗinta, ta zauna gindin bishiyar tsakar gida, ta aza dutsen a cinya ta shiga aiki tana 'yar waƙarta. A hankali ta bi shi don kada ya fashe, daga wannan gefe har wancan, ko wurin ɗora yatsa ba ta bari ba. Da ta gama ta wanke shi, ta mayar kan fatarsa, ta je ta tuƙa tuwo ta kaɗa miya mai daɗi, ta zauna tana jiran a yaba mata.

Da yamma Ranau ya dawo, ya yi wanka, ya ci tuwo, ya shiga turaka. Tsahara ta kasa kunne. Can sai ta ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Amarya."

Ta zo ta durƙusa bakin ƙofa, tana ɓoye murmushi da gefen mayafi.

"Wa ya shiga ɗakin nan yau?"

"Ni ce, Maigida. Na ga yana ba ka wahala kullum. Sulɓi ne ya yi masa yawa, shi ya sa kake daɗewa a kansa. Na koɗa maka shi."

Ranau ya dubi dutsen, ya bi shi da babban yatsa. Fuskar nan da ta ci hannun kakansa da na ubansa ta koma ramuka-ramuka.

"Duk da hannunki kika yi wannan?"

"Duk da hannuna."

"Ya ɗauke ki lokaci."

"Tun hantsi har azahar."

"Sannu da aiki," in ji shi. "Allah ya yi miki albarka."

Sai muryarsa ta karye. Tsahara ta ɗaga kai ta ga hawaye ya ɗiga daga fuskarsa kan dutsen, ya shige ɗaya daga cikin ramukan ya zauna. Murmushinta ya ɗauke. Da ma duka ya kai mata, da ya fi mata sauƙi.

Gwaggo Ladingo ce ta fayyace mata, ita kuwa Gwaggo ba a san ta da tauna magana ba. Ta dawo ta ga dutsen, ta yi salati, ta ja Tsahara bayan rumbu.

"Ke 'yar nan, aska gero ce? Bakin aska ya fi gashin ido siranta. In ta hau ramukan nan sau ɗaya sai ta koma zarto." Ta dube ta sama da ƙasa. "Ba na ga wani ɗan farin dutse a adudunki ba?"

"Na Innata ne. Da shi take niƙa kwalli."

"To, shi ma koɗa shi kike yi?"

"A'a, Gwaggo. Abin da zai shiga ido ai sai dutse mai laushi."

"Abin da zai hau kan jariri fa?"

Tsahara ta dafe kai. Ashe ta sani. Sanin yana cikin adudunta tun ranar da aka kawo ta gidan, bai dai zo mata ba a ranar da take bukatarsa. Ta zauna nan bayan rumbu ta yi kuka har kaji suka shiga akurki.

Washegari Sarkin Noma Jatau ya yi sallama a zaure, don labari ya riga ya kai masa. Tsahara ta kawo ruwa, ta laɓe bayan zana tana ji.

"Wanzam, na ji abin da ya samu dutsen gidanku. Allah ya mayar da alheri."

"Amin, Sarkin Noma."

"Kakanka ya aske ubana ranar sunansa. Ubanka ya aske ni. Ba na son wani hannu ya taɓa kan yaron nan in ba naka ba. Amma ka san yadda muka same shi." Ya kurɓi ruwan. "Maɗigarsa tana bugawa ina kallo. Ba zan ba da ita ga aska mai giɓi ba. In har ranar suna ba ka samu dutse ba, ka yafe mini, zan aika ƙetaren rafi a kira wanzaminsu."

"Gaskiyarka ce. Ni ma ba zan ɗora irin wannan askar a kan ɗan kowa ba."

Ku ba ku san nauyin wannan maganar ba. Gidan da ya kira wani wanzami ranar suna, ya zama na wancan wanzamin ke nan har jikoki. Inda Sarkin Noma ya sa ƙafa kuwa nan sauran gari ke sa tasu. Abin da kaka da uba suka tara, Ranau zai rasa shi a safiya ɗaya, kuma a hannun matar da yake so.

Ranau ya koma turaka. Ya naɗe dutsen a farin ƙyalle, ya tura shi ƙarƙashin rumbu, ya ɗauki guduma da buhu ya nufi tsauni neman wani. Kullum ya fita da sassafe, ya dawo da yamma da duwatsu, ya gwada su da tsohuwar aska ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya karce ta, wancan ya marmashe, wani kuma ya zame kamar sabulu. Yana gaishe ta, yana cin tuwonta, yana cewa an gode. Wannan kirkin nasa shi ya fi ci mata rai.

Da ta ga ba za ta iya zama ba, sai ta je wajen Gwaggo.

"Gwaggo, in ɗauki dutsen?"

"Ki yi me da shi kuma?"

"Ramukan a sama suke. A ƙarƙashinsu dutsen yana nan yadda yake. Ni niƙa na iya, ba abin da na iya sai shi. Bari in niƙe abin da na ɓata."

Gwaggo ta daɗe tana kallonta. "Ɗauki," ta ce. "Me ya rage da za ki ɓata? Girki kuma ki bar mini, na ga kwanan nan gishiri ma ba kya ganewa."

A bakin rafi akwai wani falalen dutse shimfiɗaɗɗe inda mata ke wanki. Nan Tsahara ta durƙusa. Ta watsa yashi mai tsakuwa, ta zuba ruwa, ta kifa dutsen mijinta a kai ta shiga turawa tana jawowa, yadda take yi wa gero. Da rana ta yi tsaka ta ɗaga ta duba, ramukan suna nan suna kallonta. Ta mayar ta ci gaba. Mata masu wanki suka yi ta zolayarta, wai amaryar wanzami tuwon dutse za ta tuƙa. Wata ta ce a ajiye mata ƙanzo. Tsahara ba ta ɗaga kai ba. Kafin su gama shanya, wadda ta nemi ƙanzon ce ta zo ta ɗebo mata ruwa a ƙwarya ta ajiye kusa da ita.

Da ramukan suka fara ƙanƙancewa har ido ya daina ganinsu sosai, sai ta samo gawayi ta shafe fuskar dutsen baƙi ƙirin, ta goga. Inda ya daidaita baƙin ya tafi, inda rami ya saura ya bar ɗigo. Ta yi ta yi, tana shafa gawayi tana gogewa, ɗigon yana raguwa. Ta bar yashi ta koma rairayi, ta bar rairayi ta koma laka mai laushi ta bakin ruwa. Gefen dutsen ya yi kaifi ya yanke ta a yatsa, ta karkata shi ta goge gefunan har suka kwanta. Tafin hannunta ya yi bororo, bororon ya fashe, ta ɗaure da tsumma. Haka ta yi ta zuwa rafi kullum, tana riga Ranau dawowa gida, tana mayar da dutsen ƙarƙashin rumbu cikin ƙyallensa.

Ana gobe suna, da hantsi, ɗigo na ƙarshe ya ɓace. Tsahara ta wanke dutsen ta ɗaga shi a rana. Ya yi siriri kan yadda yake a da, amma ya kwanta sarai. Ta kai shi bakinta ta goga a leɓenta na ƙasa. Ido ya ce ya yi, leɓe ya ce da saura. Akwai wani kaushi siriri da laka ta bari, kuma duk bakin rafin nan ba abin da ya fi laka laushi.

Ta zauna ta yi tagumi. Ta san inda abin da ya fi laka laushi yake, tun kafin ta zauna ma ta sani. Ta tashi ta je gida ta buɗe adudu.

Dutsen kwallin Innarta bai fi ƙwan zabo ba, fari tas, gefe ɗaya ya ɗan lotsa inda babban yatsan Inna ke zama. Shi kaɗai ya rage mata. Zannuwan Inna an raba, tukwanenta sun fashe, kabarinta ma ruwa ya shafe shi. In kewa ta taso wa Tsahara, dutsen nan take ɗauka ta sa yatsanta inda na Inna ya zauna, sai ta ji sauƙi. Ta riƙe shi a hanya har rafi, hannunta a ƙirji.

"Inna, ki yafe mini," ta ce. "Ke kika koya mini koɗa, ke za ki taya ni gyara."

Ta ɗiga ruwa, ta ɗora ɗan farin dutsen kan babban, ta fara zagayawa a hankali. Nan da nan wani farin ruwa mai kauri ya taso. Ta san mene ne. Dutsen Inna ne ke narkewa. Tana gogawa tana kuka, ba ta tsaya ba, har rana ta karkata, har wurin yatsan Inna ya shafe, dutsen ya koma kamar goro.

A haka Ranau ya same ta. Ranar ya sauko daga tsauni ta hanyar rafi, buhunsa ba komai, ya yanke shawarar zuwa ya gaya wa Sarkin Noma ya aika ƙetare. Ya tsaya a kanta. Ya ga tsumman da ke hannunta, ya ga abin da ke gabanta.

"Amarya, me kike yi a nan?"

Ta miƙa masa da hannu biyu, kanta a ƙasa. "Ban san ko ya yi ba, Maigida. Bari in ɗauraye maka."

Bai jira ta ɗauraye ba. Ya tsuguna, ya zaro aska daga ɗan kuben da ke ɗamararsa, ya ɗora ta a kan farin ruwan nan yadda yake. Ya kai, ya kawo. Ya tsaya ya karkata kai kamar mai jin kira daga nesa. Dutsen ba ya ƙara irin ta da, wani sauti yake yi siriri mai taushi. Ya ƙara 'yan kai-kawo, ya share askar a tafin hannu, ya ɗora ta a damtsensa. Gashi ya zube, fatar ba ta ma san an zo ba.

"Tun da nake," in ji shi, "ban taɓa riƙe aska irin wannan ba. Baba ma bai riƙe ba."

Ya tsoma dutsen a rafi ya wanke shi tas don ya ga fuskarsa da kyau, ya zaro aska ta biyu ya ɗora. Sai ta zame. Ya danna, ta zame. Sabuwar fuskar dutsen ta yi tauri, ta ƙi cin ƙarfe. Ya gwada da yawu, ya gwada da ruwa, duk ɗaya. Tsahara ta matso, ta goga ɗan farin dutsen har ƙullun ya sake tasowa. Ya ɗora aska, dutse ya ci.

Suka dubi juna. Babban dutsen ya dawo, amma ba zai ƙara aiki ba sai da ƙaramin, kuma kowane washi sai ya ci wani abu daga jikinsa.

"Ina kika samo wannan?"

"Na Innata ne."

Ranau ya san shi. Ya sha ganinta da shi a hannu in ta yi shiru. Ya karɓa ya juya shi, ya ga yadda ya ƙanƙance, ya mayar mata cikin tafin hannu ya rufe yatsunta a kai.

"Aska ɗaya ta ishe ni gobe. Mayar da shi adudu."

"Jibi fa? Da gata?"

"Allah zai kawo wani."

"Ka hau tsauni ka sauka, bai kawo ba. Wannan ya kawo."

"Ni na rasa dutsen ubana na san yadda na ji. Ba zan cinye na uwarki ina kallo ba."

Tsahara ta ɗaga ido ta dube shi sosai, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta.

"Maigida, a adudu ni kaɗai nake ganinta. Inna ba mai son zama ba ce, ko zazzaɓi take yi sai ta niƙa wa maƙwabta. Ka tafi da ita ta yi aiki." Ta share ido da bayan hannu. "Amma da sharaɗi. Kada ka taɓa goga shi a bushe, ka ba shi ruwa tukuna. Kada ka danna, a hankali za ka bi shi don ya daɗe. Kuma kada ka raba su. Ƙyalle ɗaya za ka naɗe su, inda wannan ya kwana nan wancan zai kwana."

"Na ɗauka," in ji Ranau. Ya kwance tsumman hannunta, ya wanke mata ciwon da ruwan rafi, ya yage gefen farin ƙyallen ya sake ɗaure mata. Matan da suka zo ɗiban ruwan yamma suka ga wanzami ɗauke da tulun matarsa a ka, ita tana biye da shi da duwatsu biyu. An daɗe ana ba da wannan labarin.

Ranar suna, bayan an raɗa wa yaro suna, ungozoma ta fito da shi tsakar gida. Sarkin Noma ya tsaya a kansu. Ranau ya buɗe ƙyalle, ya ɗiga ruwa, ya goga ƙarami kan babba a gaban kowa, mutane suna kallon ikon Allah. Ya jiƙa kan yaron, ya ɗora aska. Yaro yana barci aka fara, yana barci aka bi ta kan maɗiga, yana barci aka gama. Tsahara na can cikin mata ta riƙe numfashi. Sai da ta ji Gwaggo Ladingo ta rangaɗa guɗa sannan ta sake shi. Gwaggo kuwa ta bi mata ɗaya-ɗaya tana gaya musu ita ta ba amarya shawara tun farko.

Ranau ya cika alkawari. Ruwa tukuna, hannu a hankali, ƙyalle ɗaya. Duk da haka dutse ba ya ƙaruwa. Daga goro ya koma dabino, daga dabino ya koma ƙwayar gyaɗa. Tsahara takan buɗe ƙyallen in ya dawo ta duba, ta sake naɗewa.

Shekarar da ya koma kamar farce, a shekarar Allah ya ba su haihuwa, 'ya mace. Tun ana saura wata biyu Ranau ya daina taɓa ɗan dutsen. Ya tafi har ƙauyensu Tsahara, ya bi rafinsu yana tona har ya samo wani farin dutse mai kama da shi, ya riƙa aiki da wannan. Bai gaya mata dalili ba. Safiyar suna ya shigo ɗakinta da babban dutse da ƙwaryar ruwa, ya buɗe tafin hannunsa. Ɗan abin da ya saura na Inna ne.

"Na mutum ɗaya ya rage," ya ce. "Na ajiye mata."

Tsahara ta karɓa. Ita ta ɗiga ruwan, ita ta goga da kan yatsa, a hankali, har ta ji ba komai tsakanin yatsanta da babban dutsen. Ranau ya wasa aska. Kafin ya ɗora, Tsahara ta dangwali farin ƙullun da ya saura ta shafa a goshin jaririyar.

"Ga kakarki," ta ce. "Ta zo suna."

Ta yi kuka ranar, amma ba irin na bayan rumbu ba.

Wanzaman ƙetare suka ji labarin askar da ba ta tada jariri, suka zo suka gani, suka koma suna tona rafuka neman fararen duwatsu. Wasu sun ce su kansu duwatsun washi ne suka ji labari, suka ce tunda an yi wa na Ranau abokin zama su ma ba za su ƙara aiki su kaɗai ba. Wannan ban tsaya a kai ba, ban taɓa zama da dutse mun yi hira ba.

Shi ya sa har yau, in wanzamin garin nan ya samu sabon dutse, sai ya kai shi bakin ruwa ya bi shi da yashi da rairayi da laka, ya shafa gawayi ya goge har ɗigo ya ƙare, ya kwantar da gefunansa, sannan ya nemo masa ɗan ƙarami fari ya naɗe su a ƙyalle ɗaya. Ba ya goga su a bushe, ba ya kuma raba musu wurin kwana. In ya dawo wani watan, ku zauna shiru ku kalli hannunsa lokacin da yake goga ƙaramin, za ku ga yadda yake bin sa a hankali. Yanzu ku tashi ku wanke kawunan nan, duk gashi ya manne muku a wuya.